Satifiket ɗin duba aikin masu ba da shawara: in biya dala in yi na Amurka?

'Yar Gwange:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a wannan aiki, musamman 'yan uwanmu da ke aiki a ƙasashen waje.

Digirina na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara na yi shi, kuma na jima ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Maiduguri. Yawancin waɗanda muke gani mata ne da rikici ya raba da garuruwansu, sai kuma samari masu shan ƙwaya da iyayensu ke kawowa. A bara aka ƙara mini girma, aka ce ni zan riƙa duba aikin ƙananan ma'aikatanmu masu zama da mutane. Ba wanda ya koya mini yadda ake yi. Ofis kawai aka ba ni, aka ce duk ranar Alhamis in tara su.

Ga abin da muke yi ranar Alhamis ɗin. Kowa ya faɗi mutum nawa ya gani a mako, in duba ko an cike fom, mai ƙorafin mota ko alawus ya yi, mu sha shayi mu watse. In na tambaya ko akwai wanda wani kes ya tsaya wa a rai, sai kowa ya ce lafiya lau. Ni kuwa na san ba lafiya lau ba ne. Akwai wata yarinya a cikinsu, duk ranar da ta zauna da matar da aka kashe wa miji a gabanta, washegari sai ta bugo waya ta ce zazzaɓi take yi.

Yanzu masu ba mu tallafi sun aiko da takarda suna tambayar wace shaida mai duba aikin take da ita. Na shiga intanet na ga wani satifiket na Amurka da ake kira ACS, na masu duba aikin masu ba da shawara. Na kuma ga wasu shafukan da ke cewa in ka biya, cikin 'yan kwanaki za ka zama ƙwararren sufabaiza na duniya.

Shin ACS ɗin nan mene ne ainihinsa, kuma zai yi mini amfani a Najeriya? In ba shi ba, me mutum zai riƙe ya nuna ya cancanci duba aikin wasu? Dala ba abin wasa ba ce a yanzu, ba na son in zuba kuɗi a inda ba zan ga amfaninsa ba.

Bakanon Houston:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a Texas nake wannan aikin, kuma ina da izinin duba aikin sababbi, don haka bari in fara da yadda abin yake a nan.

ACS ba lasisi ba ne. Wata cibiya ce mai suna CCE take bayar da shi, tana garin Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, kuma reshe ce ta hukumar NBCC mai tantance masu ba da shawara. Ba gwamnati ba ce. Kafin su ba ki, suna son digiri na biyu, da lasisi ko shaidar cewa an yarje miki yin aikin, da shekara 5 kina aiki bayan digirin, a ciki ki tara awa 4,000 kina zama da masu neman taimako ido da ido. Sai horo na awa 45 a kan duba aiki shi kansa, da awa 100 da kika riga kika yi kina duba aikin wasu. Sannan ki rubuta takardar bayanin kanki, wadda za ki riƙa ba duk wanda zai shigo ƙarƙashinki. Duk bayan shekara 5 ake sabunta shi.

Maganar lasisin nan ita ce za ta fara tare ki, domin an gina tsarin ne a kan lasisin jihohin Amurka. Ki rubuta musu ki faɗi takardun da kike da su kafin ki biya ko dala ɗaya.

A nan kowace jiha da dokarta. Wasu jihohin suna karɓar ACS a matsayin shaidar cancanta, wasu nasu suke so. A Texas, wanda ya gama digiri na biyu ba ya tsayawa da ƙafarsa kai tsaye. Sai ya yi awa 3,000 a ƙarƙashin wani, rabinsu yana zaune da masu neman shawara, kuma ba zai gama a ƙasa da wata 18 ba. Duk wata sai ya zauna da mai duba shi na awa 4. Ni kuma kafin a ba ni izinin duba wani, sai da na riƙe cikakken lasisi na shekara 5, na yi kwas na awa 40. Da yawa cikin sababbin daga aljihunsu suke biyan mai duba su, abin da ni dai ban taɓa jin daɗinsa ba, don mutumin da kake biya kuma shi zai sa maka hannu, akwai lauje cikin naɗi a wannan ciniki.

Me ya sa aka tsaurara haka? Saboda alhaki. In yaron da ke ƙarƙashina ya yi ɓarna, ni ma hukuma za ta neme ni, lasisina na iya tafiya. Akwai shari'ar da duk ɗalibin wannan fanni a Amurka ya sani, ta Tarasoff. A 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya gaya wa masanin halayyar ɗan Adam da ke ganinsa cewa zai kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff. Masanin ya sanar da 'yan sandan jami'a, suka tsare ɗalibin na ɗan lokaci suka sake shi. Shugaban sashen, wato wanda ke saman masanin, ya ba da umarnin a lalata takardun kuma kada a ƙara ɗaukar wani mataki. Ba wanda ya gargaɗi yarinyar ko iyayenta. A watan Oktoba na shekarar ɗalibin ya kashe ta. Iyayen suka kai ƙara, har da shugaban sashen a cikin waɗanda aka yi ƙara, kuma a 1976 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa in akwai haɗari ga wani, wajibi ne a ɗauki matakin kare shi ko da za a buɗe sirri. Yawanci a kan sirri ake kawo wannan shari'a, amma ni abin da nake nuna wa yarana shi ne, mutumin da ya ce a bar maganar bai taɓa zama da mai kisan a matsayin likitansa ba. Daga sama ya yanke hukunci.

Shawarata: ko ba ki yi ACS ba, ki ɗauki takardar bayanin nan ki yi taki. Ki rubuta karatunki, yadda za ki riƙa duba aiki, sau nawa za ku zauna, me zai tsaya tsakaninku, me dole ki kai gaba, wa za a kira da tsakar dare in wani ya ce zai kashe kansa, kuma ina ma'aikaci zai kai ƙararki in ke ce kika cuce shi. Ku sa hannu ku biyu. Wannan kyauta ne, kuma shi ne ƙashin bayan abin.

Maman Biyu, Leicester:

Yaya na Houston ya yi bayani mai kyau, amma ban yarda a fara da tsoron kotu ba. Matsalar da Anti ta kawo ba ta kotu ba ce. Yaranta ne ba sa magana.

A nan Ingila tsarin daban ne. Doka ba ta killace sunan mai ba da shawara ba, kowa na iya buga kati ya ce shi ne. Ƙungiyoyin sana'ar ne suke riƙe da rajista, babbarsu BACP. Kafin su tantance ka sai ka yi awa 450 kana aiki ana duba ka, kuma wanda aka tantance dole ya riƙa zama da mai duba shi aƙalla awa ɗaya da rabi duk wata. Babu ranar gamawa. A yawancin jihohin Amurka kana samun cikakken lasisi doka ta sake ka, mu kuwa ko furfura ta cika maka kai sai ka je. Ni matar da ke duba aikina ita ma tana da mai duba ta.

Abin da ya fi muhimmanci, ita ba ogata ba ce. Ba ta san albashina ba, ba ta sa hannu a takardar hutuna, ba ta da ta cewa a kan ƙarin girmana. Shi ya sa nake iya gaya mata cewa akwai wani da nake gani wanda in na ga sunansa a jerin ranar gabana ke faɗuwa, ko cewa na yi wa wata magana da tsauri don ta tuna mini da wata 'yar uwata.

Anti, ke ce mai duba fom, ke ce mai jin ƙorafin alawus, watakila ke ce za a tambaya in za a sabunta kwantiragi. Sannan a gaban abokan aikinta kike tambayar yarinya ko wani kes ya fi ƙarfinta. Wa zai amsa? Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1996 ya gano fiye da kashi 90 cikin 100 na masu koyon aikin suna ɓoye wa masu duba su wani abu, kuma cikin abin da suke ɓoyewa har da kurakuransu da yadda suke ji game da shi mai dubawar. Can ke nan, inda ba a san kunyar babba irin tamu ba.

A horon da ake yi mana, aikin mai dubawa kashi uku ne. Akwai tsare ƙa'ida, wato tabbatar da ba a cutar da mai neman taimako. Akwai koyarwa. Akwai kuma kula da shi ma'aikacin, don jin labarin kisa da fyaɗe kullum yana cin mutum. Zaman Alhamis ɗinku ko na farkon bai cika ba, taron ofis ne kawai. Yarinyar nan mai zazzaɓi, na uku take buƙata, kuma ita kaɗai, ba a cikin taro ba. Amma ki kula, ba ke za ki zama mai yi mata jinya ba. In abin ya yi zurfi ki haɗa ta da wani.

In da hali, ku yi musaya da wata ƙungiya a garin: ke ki duba yaransu, tasu ta duba naki. In babu hali, ki raba ranakun. Ranar fom daban, ranar kes daban, kuma ki gaya musu a fili abin da aka faɗa a ranar kes ba ya shiga fayil ɗin ofis sai in rayuwar wani na cikin haɗari ko an karya ƙa'idar aiki.

Tsohon Malami, Samaru:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki biya.

Waɗancan shafukan masu ba da satifiket cikin kwanaki, ki rufe su. Gwaji mai sauƙi ne. Duk wanda zai ba ki shaidar duba aiki bai taɓa ganinki kina duba aikin ba, bai nemi wani ya shaide ki ba, kuma ba shi da hanyar ƙwace shaidar in kin yi ba daidai ba, takarda kawai yake sayarwa.

Na koyar da wannan fanni har na yi ritaya, don haka bari in faɗi namu na gida. Ƙungiyarmu ta masu ba da shawara ta Najeriya, wato CASSON, tun 1976 take. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci jagoranci da ba da shawara a makarantu, kuma a kan makaranta aka gina yawancin horonmu: zaɓen darussa, zaɓen sana'a, yaro mai gudun aji. Ba mu shirya ɗalibanmu don zama da matar da aka kashe wa miji a gabanta ba. Duba aiki kuwa, a zamaninmu ma'anarsa malami ya je makarantar da aka tura ɗalibi aikin gwaji, ya duba littafinsa, ya ba da maki, ya kamo hanya. Wanda aka yi wa haka, shi ma haka zai yi wa na ƙasa da shi, don bai ga wani abu daban ba. Ba laifinki ba ne.

Doka ta fara motsi. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara ta Najeriya. A Janairun 2023 kuma ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Saboda haka abin da zai tsaya miki a gaban hukuma a ƙasar nan shi ne digirinki da rajistarki ta gida. Satifiket na Karolina ba zai ba ki izinin komai a Borno ba. Ado ne a kan takardar neman aiki, ba na musun wannan, masu tallafi suna son gani.

Amma ina da tambayar da ban ga kin taɓo ba. Ke wa ke duba ki? Wanzami ba ya son jarfa, na sani, mu manya mun fi kowa gudun a zauna a saurari yadda muke aiki. Kina garin da ke da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, kuma akwai jami'a. Ki nemi wani ƙwararre da ya girme ki a aikin, ki roƙe shi zama sau ɗaya a wata, ki riƙa kai masa yadda kike tafiyar da yaranki. Ki buɗe littafi, ki rubuta rana da awa da abin da aka tattauna ba tare da sunan kowa ba, ya sa hannu. In shekara ta zagayo kina da abin nunawa na gaskiya.

Ɗan Fage:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ƙari kaɗan daga mai aikin sansani.

Anti, masu tallafin nan ba lallai ACS suke nufi ba. Su abin da suka sani shi ne kayan aikin Hukumar Lafiya ta Duniya da na ƙungiyoyin agaji. Akwai PM+, shirin zama biyar da hukumar ta fitar a 2016 don waɗanda ba likitoci ba, kuma duba aiki a kai a kai yana cikin sharuɗɗansa. Akwai EQUIP na hukumar da UNICEF, kyauta ne a intanet. Yadda yake aiki: wani ya zama kamar mai neman taimako, ma'aikacinki ya zauna da shi, ke kina gefe kina auna shi a kan abubuwa kamar sauraro, bayanin sirri, da tambaya a kan tunanin kashe kai. Mataki huɗu ne, na ƙasa shi ne halin da ke iya cutarwa, misali yi wa mutum faɗa ko yi masa dariya. Ƙungiyar Red Cross ta duniya da wata jami'a a Dublin su ma sun fitar da jagora na musamman a kan duba aiki a wuraren rikici, ana ce masa IMS, shi ma kyauta.

Mu da muka fara wannan gwaji a wajenmu, abin da ya fito ya ba ni mamaki. Ma'aikatan da fom ɗinsu ya fi na kowa tsafta, da zarar an ce musu "na gaji da duniya", sai su ce "haba, ki yi istigfari, ki yi haƙuri", su sauya zance. Niyyarsu mai kyau ce, amma sun rufe ƙofar ke nan, matar ba za ta ƙara faɗa ba. Fom ba zai taɓa nuna miki wannan ba.

Abu na ƙarshe, harshe. An taɓa haɗa mu da wata mai duba aiki daga Turai ta bidiyo. Ƙwararriya ce, amma zaman da Kanuri da Hausa ake yi, ita kuwa abin da muka fassara mata kawai take ji, mu kuma muna gyara shi kafin ya isa gare ta. Ke kina jin abin da aka faɗa da yadda aka faɗe shi.

'Yar Gwange:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, zan nemi wanda zai riƙa duba ni. Maman Biyu, maganar musaya da wata ƙungiya ta shige ni, akwai wata takwarata da muke shiri, zan tuntuɓe ta. Masu tallafi kuma zan rubuta musu abin da nake da shi da tsarin da zan bi, in ga abin da za su ce. ACS na ajiye shi tukuna.

Saura abu ɗaya. Malam na Houston, ku a can kuna naɗar muryar zaman ne ku saurara? Matanmu in suka ga an ajiye waya a tsakani, shiru za su yi, wasu ma za su zaci jami'an tsaro za a kai wa.

Bakanon Houston:

Muna naɗa, amma sai da izinin mutum a rubuce, kuma yana da damar ƙi ba tare da an hana shi taimako ba. A yanayinku ni ba zan naɗa ba. Wayar ma'aikaci tana ɓata, ana arar ta, ana tura abu a WhatsApp bisa kuskure, kuma abin da matan nan ke faɗa na iya jawo musu fitina a cikin sansani.

Ki yi abu biyu a madadinsa. Wani lokaci ki nemi izinin matar ki shiga zaman da kanki, ki zauna a gefe, ki gaya mata ma'aikaciyar kika zo dubawa ba ita ba, kuma kada ki sa baki sai in dole. Sauran lokuta ki sa ma'aikaciya, da zarar ta fito, ta rubuta minti goma na zaman kamar yadda aka yi: ta ce kaza, na ce kaza, a nan na ji kaza a raina. Babu suna, babu sunan gari. Ku karanta tare, sannan a yaga takardar a gabanta. Ki fara da kawo naki, na wani zama da bai tafi miki daidai ba, kafin ki nemi nasu.